Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Inshorar Lafiya Ta Ƙasa: Ina Makomar Waɗanda Ba Su Da Albashi?

Zuwa ga Shugaban Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, Abuja.

Kwafi ga Mai Girma Ministan Lafiya, da Mai Girma Ministan Ƙwadago, da shugabannin hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu nazarin tattalin arzikin ƙwadago ne da hanyoyin biyan kuɗin magani. Abin da ya sa muka rubuto maka a bainar jama'a shi ne umarnin da Shugaban Ƙasa ya bayar a watan Satumba na 2025, cewa kamfanin da ke neman kwangilar gwamnati ko lasisi sai ya nuna shaidar ya sa ma'aikatansa a inshorar lafiya. Ba mu ƙi umarnin ba. Dokar da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta riga ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma ɗora nauyi a kan duk mai ma'aikata biyar ko fiye. Tsoronmu shi ne kada hukumar ta ƙarar da ƙarfinta wajen bin takardun albashi, alhali fiye da mutum takwas cikin goma na masu aiki a ƙasar nan ba wanda ke biyan su albashi.

Tun asali a kan albashi aka ɗora ginin. Dokar tsohuwar hukumar NHIS ta fito a 1999, aiki ya kankama a 2005, kuma ƙa'idar ita ce mai ɗaukar aiki ya biya kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci ya biya kashi 5, sai inshora ta ɗauki nauyinsa da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Salon Jamus ne, wadda ta fara irinsa a 1883 saboda ma'aikatan masana'antu, kuma yana tafiya daidai a ƙasar da yawancin magidanta ke jiran ƙarshen wata. A nan kuwa, shekara 13 da farawa, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya tarar kashi 3 cikin 100 kacal na maza da mata 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke da inshorar lafiya. Alƙaluman hukumarku na 2025 sun kai wajen mutum miliyan 20. An ci gaba, ba shakka, amma a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 wannan bai wuce ɗaya cikin goma ba. Har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita, a tagar biyan kuɗi ta asibiti ko a kemis.

Dalilin yana rubuce a rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A ƙarshen 2020 ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ke lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa 4.1. An yi ta cece-kuce a kan wannan sauyi, mu kuwa ba shi ne ya dame mu ba. Abin dubawa yana cikin sauran teburan rahoton: fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna aikin da ba rajista ba kariyar doka, kuma masu albashi ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Saura manoma ne da 'yan tireda da teloli da masu adaidaita sahu da 'yan dako, da mata masu ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula a cikin gida. Ko da kowane kamfani da kowace ma'aikata sun bi umarnin sau da ƙafa, waɗannan suna waje.

To, su kansu masu albashin fa? A nan akwai lissafin da ya kamata a yi da biro kafin a tura jami'ai su fara bin kamfanoni. A ɗauki ma'aikaci mai mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000, kamar yadda dokar 2024 ta yanka. Don sauƙi, a ɗauki duka kuɗin a matsayin ma'auni. Mai kamfani zai biya kashi 10 na fansho, Naira 7,000. Zai biya kashi 1 ga asusun diyyar ma'aikata na NSITF, Naira 700, da wani kashi 1 ga asusun horaswa na ITF idan kamfanin ya kai girman da doka ta ambata, Naira 700. A ƙara kashi 10 na lafiya, Naira 7,000. Jimla Naira 15,400, wato kashi 22 cikin 100 a kan albashin. Shi kuma ma'aikacin za a cire masa kashi 8 na fansho da kashi 5 na lafiya, Naira 9,100. Ke nan kamfani ya kashe Naira 85,400, ma'aikaci ya tafi gida da 60,900. Tazarar Naira 24,500 ce a kowane wata, kuma wannan tazarar ita ce ke sa mai gida da yaronsa su haɗa baki: ni in ba ka 70,000 a hannu ba takarda, kai ka ƙaru, ni ma na ƙaru. Mai gidan burodi da ke da ma'aikata 30 yana kallon ƙarin Naira 462,000 duk wata, a lokacin da kuɗin fulawa da na man janareta suka riga suka shaƙe shi.

An daɗe ana bincike a kan wanda ke biyan irin wannan kuɗi a zahiri, kuma amsar ba ta bin abin da doka ta rubuta. Masanin tattalin arziki Jonathan Gruber ya bibiyi lokacin da aka tilasta wa kamfanonin Amurka sa kuɗin haihuwa a inshorar ma'aikata, ya tarar kusan duka kuɗin ya dawo kan albashin matan da mazajensu: albashin ne ya ƙi tashi yadda ya kamata. Ya kuma duba ƙasar Chile bayan ta rage harajin albashi a farkon shekarun 1980, ya ga ragin ya tafi ga ƙarin albashi ne, yawan ma'aikata bai canja ba. Wato inda albashi ke iya sauka da hawa, ma'aikaci ne ke biya, ko da an rubuta sunan kamfani a rasit. Inda kuma albashi ya riga ya taɓa ƙasa, ba inda za a rage, sai abin ya fita ta wata ƙofa. Binciken Adriana Kugler da Maurice Kugler a masana'antun Kolombiya ya nuna ƙarin kashi 10 cikin 100 a harajin albashi ya rage ayyuka masu rajista da kashi 4 zuwa 5. Kolombiya ta ɗauki darasin. A 2012 ta yanke maki 13.5 daga abin da kamfanoni ke biya a kan yawancin ma'aikata, har da maki 8.5 na lafiya, ta mayar da nauyin kan harajin ribar kamfanoni. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun ga ayyuka masu rajista sun ƙaru. Halinmu ya fi kama da na Kolombiya, domin yawancin masu albashi a ƙananan kamfanoninmu suna kusa da ƙasan ne.

Yadda abin zai ɓullo a nan ba ɓoyayye ba ne, don mun riga mun gan shi a harkar fansho. Kamfani zai bar mutum goma a takarda, sauran hamsin ya mayar da su 'yan kwantiragi ta hannun wani kamfanin samar da ma'aikata, su yi shekara takwas a wuri ɗaya ana sabunta musu takarda duk wata shida. Wani zai yi wa ma'aikata biyar rajista, ya karɓi takardar shaida, ya je ya ci kwangila da ita. Mai shagon walda da ke da yara huɗu ba zai ɗauki na biyar ba, ko ya ɗauke shi ya kira shi ɗan koyo. Wannan ba halin 'yan Najeriya kaɗai ba ne. A Faransa, inda tarin dokokin ƙwadago ke hawa kan kamfani da zarar ya kai ma'aikata 50, masu bincike sun tarar kamfanoni sun cunkushe a kan 49.

Saboda haka muna roƙon abubuwa kaɗan a kan takardar shaidar. Kada a ba da ita sai an gwada yawan sunayen da kamfani ya kawo da yawan waɗanda yake biya wa fansho a hukumar PenCom, da waɗanda yake cire wa harajin albashi a hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Idan lambobin uku suka saɓa da yawa, akwai ƙura. A rubuta ƙarara cewa alhakin ɗan kwantiragi yana wuyan kamfanin da yake yi wa aiki idan mai samar da shi bai biya ba, in ba haka ba kowa zai nuna ɗan uwansa da yatsa. Ga masu ma'aikata 5 zuwa 24 kuma, waɗanda ita kanta dokar mafi ƙarancin albashi ta ɗaga musu ƙafa, a yanka musu kuɗi tsayayye a kan kowane mutum maimakon kaso na albashi, a kuma hau da shi sannu a hankali cikin shekara uku, don kada ma'aikaci na biyar ya zama shi ne mafi tsada a shagon.

Mu koma kan mafi yawan jama'a. Amsar da aka saba bayarwa ita ce su sayi inshora da kansu, kuma don haka aka ɓullo da shirin GIFSHIP a 2020, wanda ya fara da Naira 15,000 a kan mutum a shekara ga masu shiga a rukuni. Matsalar irin wannan shiri ta ganin dama sananniya ce. Wanda ya san matarsa na da ciki wata bakwai, ko likita ya ce masa sai an yi tiyata, shi ke zuwa da kuɗinsa. Saurayi mai jini a jika ba ya zuwa. Sai asusun ya cika da masu jinya, kuɗin da aka tara ya kasa, a ƙara farashi, masu ɗan dama-dama su ƙara ficewa, a sake ƙara farashi. Tailan ta yi shekaru tana fama da katin lafiya na ganin dama kafin ta haƙura da shi.

Kuma ba tsada ce kaɗai ke hana mutane ba. A Indonesiya, inda doka ta wajabta inshora tun 2014 kamar yadda tamu ta yi, Abhijit Banerjee da Amy Finkelstein da abokan aikinsu sun yi gwaji da gidaje kusan 6,000 a biranen Medan da Bandung. Wasu aka yafe musu kuɗin shekara guda gaba ɗaya, wasu aka je har gida don taya su rajista. Duk da an haɗa musu biyun, waɗanda suka shiga ba su wuce wajen kashi 30 cikin 100 ba. Da yawa sun yi niyya, sun gwada, kwamfuta ta ƙi karɓar su saboda bayanan iyalinsu a kundin gwamnati ba su yi daidai ba. Duk wanda ya taɓa ganin layin gyaran suna ko ranar haihuwa a ofishin katin ɗan ƙasa ya san inda wannan labari ya dosa. Idan aka ce ba rajista sai da lambar NIN wadda komai nata ya dace, to matan karkara da yara, waɗanda suka fi kowa buƙata, su za a fara zubarwa. A yi wa mutum rajistar wucin gadi da hotonsa da shaidar mai unguwa, a ba shi wata shida ya kawo lambar, jami'in NIN kuma ya zauna a tebur ɗaya da jami'in inshora ranar rajista. Gwajin ya nuna wani abu mai amfani: waɗanda tallafi ya jawo sun fi masu zuwa da kansu lafiya, don haka sun fi sauƙin ɗauka. A Nikaraguwa kuma an yi makamancin gwajin da 'yan kasuwa, wajen kashi 20 cikin 100 suka shiga, bayan tallafin ya ƙare waɗanda suka ci gaba da biya ba su kai ɗaya cikin goma na masu shigar ba.

A ƙara da girman gida a Arewa. Magidanci mai mutum takwas a gabansa, ko a tsohon farashin Naira 15,000, ana neman ya ajiye 120,000 a zama ɗaya. Ƙa'idar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu kuwa, a gidan mai mata biyu da 'ya'ya tara, tilasta masa take ya zaɓi wanda zai sa a kati, kuma kowa ya san abin da hakan ke haifarwa a tsakar gida. A asibiti ma yana haifar da nasa: yaron da ba ya cikin kati a kawo shi da sunan wansa, tarihin jinyar mutum biyu ya cakuɗe a fayil ɗaya. Gara a yi farashin gida, mai sauka a kan kowane ƙarin mutum, a kuma ce ko gida duka ya shiga ko a bari, wanda hakan ma yana toshe ƙofar kawo mai ciwo kaɗai.

Lokacin biya shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Manomi yana da kuɗi da kaka. A tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin taki ya cinye saura. Lorenzo Casaburi da Jack Willis sun gwada wannan da manoman rake a Kenya, a kan inshorar amfanin gona: da aka ce a biya tun farko kashi 5 cikin 100 suka karɓa, da aka ce a cire kuɗin ranar sayar da amfani sai kashi 72 suka karɓa. Inshora iri ɗaya, farashi kusan ɗaya. A buɗe wa manoma rajista kafin damina, a karɓi kuɗin bayan girbi ta hannun ƙungiyoyinsu ko kamfanonin da ke sayen shinkafa da riɗi a wurinsu. Mai adaidaita sahu kuma kuɗinsa na yini ne, ya saba da zubin adashi, a bar shi ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ta waya. Gana ta buɗe sabunta kati ta wayar hannu a ƙarshen 2018 saboda mutane na barin katinsu ya mutu don gudun layi. Ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi za su yi amfani wajen tara mutane, sai dai kada tsabar kuɗi ta bi ta hannun shugabanninsu. Kuɗi ya tafi asusu kai tsaye, saƙon shaida ya shigo wayar mai biya.

Duk waɗannan gyare-gyare ne a gefe. Ƙasashen da suka kai inshora ga marasa albashi da kuɗin baitulmali suka yi. Tailan a 2002 ta ɗauki duk wanda ba ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ba, kusan kashi uku cikin huɗu na jama'arta, ta biya musu daga haraji, majinyaci ya ba da baht 30 kawai a ziyara. Binciken da aka yi daga baya ya ga tazarar mutuwar jarirai tsakanin lardunan talakawa da na masu hali ta rufe. Gana, a dokarta ta 2003, ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayayyaki musamman don inshora, ta yafe wa yara 'yan ƙasa da 18 da tsofaffi daga shekara 70, daga 2008 ta ƙara da masu juna biyu. Wannan haraji ne ke riƙe da asusun, abin da masu sana'a ke biya ɗan ƙanƙani ne a cikinsa. A Ruwanda masu inshora sun wuce kashi 80 cikin 100 na jama'a, amma gwamnati ce ke biya wa mafi talauci. Ba sai mun je nesa ba ma: shirin da aka fara a yankin Shonga na jihar Kwara a 2007, inda manoma ke biyan ɗan abu kaɗan ana cika musu saura da tallafi, an auna shi an ga hawan jinin masu fama da shi ya sauka, haihuwa a asibiti ta ƙaru.

Dokar 2022 ta san da haka, shi ya sa ta kafa asusun masu rauni, aka kuma ce mutum miliyan 83 ake nufi. A buga lissafi: miliyan 83 sau Naira 15,000 ya ba da sama da Naira tiriliyan 1.2 a shekara, a farashin da tuni hauhawar kaya ta wuce shi. Babbar hanyar kuɗin da ake da ita ita ce asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, rabinsa na inshora. Sai a 2018 aka fara sa shi a kasafi, Naira biliyan 55. Rabin wannan, a kan 15,000, bai ɗauki mutum miliyan biyu ba. Kasafin ya ƙaru tun daga nan, amma tazarar da ke tsakanin miliyan biyu da miliyan 83 ba wadda ƙarin kasafi na shekara-shekara zai cike ba ce. Muna roƙon hukumar ta faɗi wannan a fili gaban Majalisar Tarayya, da lambobi. Harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi, da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo da sunan kare lafiya, baitulmali yake shiga ba tare da an keɓe shi ga lafiya ba. Wannan wuri ne na farawa, tare da harajin taba. A Abuja aka yi alƙawarin 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Tunda kuɗin ba zai ishi kowa a tashi ɗaya ba, wa za a fara da shi? Shawararmu a fara da waɗanda ido ke iya tantancewa: mai juna biyu da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar. Tantance talauci gida-gida yana da tsada, yana tsufa da wuri, kuma jerin sunaye kan bi ta hannun masu siyasar mazaɓa. Ciki kuwa ba ya buƙatar takardar kansila.

Za a ce mana, idan aka ba marasa rajista inshora kyauta, me zai sa wani ya yi rajista? Tambaya ce mai nauyi, kuma masanin tattalin arzikin Meziko Santiago Levy ya daɗe yana yin ta a kan Seguro Popular, shirin inshorar marasa rajista na ƙasarsa, wanda ya ɗauki mutum sama da miliyan 50 kafin a soke shi a 2020. Masu bincike sun auna, sun tarar akwai gaskiya a ciki: rajistar ƙananan kamfanoni ta ɗan ragu, da 'yan kaso kaɗan. Maganin da shi kansa Levy ya kawo shi ne a cire kuɗin lafiya daga kan albashi gaba ɗaya, kowa ya samu kulawar farko daga haraji. A Najeriya, inda tara cikin goma suka riga suka kasance ba rajista, abin da za a rasa ta nan bai kai abin da za a samu ba. Masu cewa inshorar kyauta na sa lalaci kuma su duba jihar Oregon ta Amurka. A 2008 mutum wajen 90,000 suka rubuta suna neman inshorar gwamnati, aka zaɓi kusan kashi ɗaya cikin uku ta ƙuri'a. Waɗanda suka samu ba su rage aiki ba, bashin asibiti ya sauka, ciwon damuwa ya ragu. Amma a faɗi gaskiya duka: cikin shekara biyu ba a ga bambanci mai ƙarfi a hawan jini ko suga ba. Kati kariya ce ga aljihu tukuna, lafiya sai in akwai magani da ma'aikaci a inda aka kai katin.

Nan ne tsarinmu ya fi ciwo. Kuɗin da ake biyan asibiti a kan kowane mai kati duk wata ya zauna a Naira 750 fiye da shekara goma, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. A wancan farashin, asibiti mai mutum 200 a rajista yana karɓar Naira 150,000 a wata, kuɗin da 'yan masu hawan jini da suga kaɗan za su cinye. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: a ce wa mai kati magani ya ƙare, a rubuta masa ya saya a waje, mai tsabar kuɗi ya riga shi ganin likita. Labarin ya zaga gari, sai a yi ta wayar da kai a rediyo ba mai sauraro. Ƙarin da kuka yi a 2025, kusan ninki biyu, ya zo a kan gaɓa, haka ma umarnin cewa kamfanonin HMO, masu shiga tsakanin inshora da asibitoci, su ba da lambar amincewa da jinya cikin awa ɗaya. Amma kada a sake jiran shekara goma. A ɗaure kuɗin da ma'aunin farashin magunguna, a duba shi duk shekara a rana sananniya. A kafa mafi ƙarancin adadin masu kati da asibiti zai riƙe kafin a biya shi ta wannan hanya, waɗanda ba su kai ba a biya su a kan aikin da suka yi. A wallafa duk wata uku kwana nawa kowane HMO da kowace hukumar jiha ke ɗauka kafin su biya asibitoci. Maƙwabciyarmu Nijar ta yafe kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2006, abin ya taimaka, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya bar da yawa ba magani a kanta. Gana ma bashin asibitoci ne ya fi ba ta wahala.

Batun kashi 10 cikin 100 da mai kati ke biya a kan magani, a sake duba shi ga masu ciwon da ba ya warkewa. Babban gwajin cibiyar RAND a Amurka, wanda aka kammala a 1982, ya nuna sa majinyaci biyan wani kaso yana rage zuwa asibiti, amma yana rage mai amfani da marar amfani ne baki ɗaya, kuma talakawa masu hawan jini su suka fi cutuwa. A cire wannan kaso daga maganin hawan jini da suga da sikila.

Akwai kuma ɗan ci-rani. Mutumin Jigawa da ke dako a Legas wata bakwai a shekara, katin jiharsa ba ya masa aiki a can. Hukumar ƙasa ce kaɗai za ta iya kafa teburin da jihohi za su riƙa biyan juna a kan haka. Haka wanda aka sallama daga aiki, a bar masa katinsa na wata shida, don lokacin ne ya fi rauni. Jihohin Arewa da suka kira nasu tsarin taimakekeniya sun yi dabara, domin kalmar inshora na da nauyi a kunnen mutane da yawa saboda dalilin addini. A bar su da sunansu, a kuma buɗe hanya ga hukumomin zakka da masu waƙafi su biya wa mabuƙata kuɗin shekara, da rasit da sunayen waɗanda aka biya wa.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne mafi arha. Yawancin hujjojin da muka kawo daga wasu ƙasashe suke, domin su sun auna, mu ba mu cika aunawa ba. Tunda dole a shigar da mazaɓu rukuni-rukuni saboda ƙarancin kuɗi, a zaɓi waɗanda za a fara da su ta ƙuri'a a bainar jama'a, cikin mazaɓun da suka cancanta. Ya fi adalci, kuma bayan shekara biyu za a iya gwada waɗanda suka fara da waɗanda ke jira: bashin jinya, sayar da dabba ko gona don magani, haihuwa a asibiti, kwanakin aiki da ciwo ya ci. A roƙi Hukumar Ƙididdiga ta ƙara tambaya uku a binciken ƙwadago da take yi: kana da kati, wa ke biya maka, kuma takardar aikinka ta dindindin ce ko ta kwantiragi? A fara tambayar yanzu, kafin a tsananta bin kamfanoni, don a samu abin gwadawa. Sannan a rahotonku na shekara a raba waɗanda aka taɓa yi wa rajista da waɗanda katinsu ke da rai a yau, da waɗanda suka yi amfani da shi ko sau ɗaya cikin wata goma sha biyu, jiha-jiha, maza da mata daban.

Allah ya taya ka riƙo.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin tattalin arzikin ƙwadago da inshorar lafiya.